Kowa Ɗaya Ya Rubuta, Ita Dubu Ta Karanta

Maganarmu ta yau mai nauyi ce. Za mu duba zagin taron dangi da ake yi wa mutum a intanet, yawanci daga bakin mutanen da suka ɓoye sunansu, da kuma yadda wannan zagi kan tura wasu matasa har su fara tunanin kashe kansu.

Mu fara da ƙasar Japan. Hana Kimura 'yar wasan kokawa ce, shekarunta 22. Ta shiga wani shirin talabijin mai suna Terrace House, inda ake zaunar da matasa shida a gida ɗaya, kyamara tana ɗaukar zamansu na yau da kullum. Wata rana wani abokin zamansu ya haɗa kayan kokawarta da nasa a injin wanki, kayan suka tsuke suka lalace. Kaya ne masu daraja a wurinta, domin da su ta fito a babban filin wasa na Tokyo Dome. Ranta ya ɓaci, ta yi masa faɗa, ta ture hular da ke kansa. Iyakar laifinta ke nan. Aka nuna wannan kashi na shirin a ƙarshen watan Maris na 2020, daidai lokacin da korona ta zaunar da mutane a gida, kowa da waya a hannu. Daga nan saƙonni suka riƙa zubo mata dare da rana. Wannan ya ce ta ɓace daga shirin, wancan ya ce ta ɓace daga duniya. Ranar 23 ga Mayu, 2020, Hana Kimura ta kashe kanta.

'Yan sanda sun bi sawun wasu daga cikin masu zagin. Wani mutum daga Osaka da aka gano, tarar yen 9,000 aka ci shi, kuɗin da bai kai dala 100 ba. Mahaifiyarta, Kyoko Kimura, wadda ita ma tsohuwar 'yar kokawa ce, ta tashi tsaye, har majalisar dokokin Japan ta tsananta hukuncin cin mutunci a 2022: ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar yen 300,000.

To, mai sauraro, da a ce za a tara duk waɗanda suka rubuta wa yarinyar nan magana a zauna da su ɗaya bayan ɗaya, me kake jin za su ce? Kowa zai ɗaga kafaɗa ya ce, ai ni layi ɗaya na rubuta. Kuma gaskiya ya faɗa. Layi ɗaya ya rubuta, cikin daƙiƙa goma, ya wuce ya shiga kallon ƙwallo. Ita kuwa ba ɗaya ta karanta ba, duka ta karanta, a ɗaki ɗaya, ita kaɗai. A nan matsalar take. Taro yana raba alhaki gutsi-gutsi har kowa ya ji nasa bai kai a yi magana ba, amma ciwon ba ya rabuwa, a kan mutum ɗaya yake taruwa.

Wannan hali na taro ya girmi intanet. A 1981 wani masanin halayyar ɗan'adam a Ostareliya, Leon Mann, ya tattara labaran jaridu 21 na lokutan da wani ya yi barazanar hallaka kansa a bainar jama'a, mutane kuma suka taru suna kallo. A cikin 10 daga cikinsu, taron ya koma yi wa mutumin ihu da tsokana, ana zuga shi ya aikata. Da Mann ya duba abin da ya bambanta waɗannan lokuta, sai ya ga abubuwa uku suna yawan maimaituwa: taron yana da yawa, dare ne, kuma akwai tazara tsakanin masu kallo da wanda ake kallo. Wato babu mai gane ka, kai ma ba ka ganin fuskar wanda kake zugawa. An sake ganin haka a garin Derby na Ingila a 2008. 'Yan sanda sun shafe sa'o'i suna lallashin wani yaro ɗan shekara 17, wasu daga cikin 'yan kallo kuma suna yi masa ihun ya yi abin da zai yi, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Yaron bai tsira ba.

Yanzu ka dubi wayar da ke hannunka. Yawan jama'a, ga shi nan ba iyaka. Duhu, ga sunan bogi da hoton furen da mutum ya sa a madadin fuskarsa. Tazara kuwa, wanda ake zagi yana wani gari, ba ka jin muryarsa, ba ka ganin hannunsa yana rawa. Abubuwa ukun da Mann ya lissafa, intanet ta haɗa su wuri ɗaya, kuma ba ta tashi kasuwa.

Wasu masu bincike biyu a Isra'ila, Noam Lapidot-Lefler da Azy Barak, sun so su gano wanne ne ya fi ɓarna a cikin waɗannan. A 2012 suka haɗa ɗalibai bibbiyu su yi muhawara ta kwamfuta. Wasu an ɓoye sunansu, wasu ba a ɓoye ba. Wasu suna ganin juna ta kyamara, wasu ba sa gani. Wasu kuma an saita musu kyamara yadda idonsu zai haɗu. Abin da ya fi komai ƙara zafin baki shi ne rashin haɗa ido. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Mun san maganar da mutum zai iya faɗa a bayan ido, idan aka ce ga shi nan maimaita, sai baki ya yi nauyi.

Kada a ce al'adarmu ba ta san ba'a ta taro ba. Mun san habaici, mun san zambo, mun san tashen gwauro da ake yi da azumi, irin wanda Nalako da tawagarsa suka shahara da shi a Kano. Amma dubi yadda aka kewaye shi. Yana da lokaci, azumi na wucewa ya wuce. Gwauron ya san fuskar masu yi masa kiɗa, gobe zai haɗu da su a masallaci su gaisa. Idan yara suka wuce gona da iri, akwai dattijon da zai leƙo daga zaure ya ce ya isa haka, kuma a daina. Zagin intanet ba shi da wata, ba shi da fuska, ba shi da dattijon zaure. Wanda aka ɗauki sikirinshot ɗinsa yau, bayan shekara uku wani zai iya tono shi a sake sabon zagi.

Akwai wani nau'in ɓoye suna da ya fi wannan cutar da yara, kuma ya shigo gidajenmu. Manhajoji ne da aka ƙera musamman domin a aiko maka saƙo ba tare da ka san mai aikowa ba. A da akwai Ask.fm da aka kafa a Latbiya a 2010. Aka yi Sarahah, wadda wani ɗan Saudiyya ya ƙirƙira, ta bazu a 2017, kafin Apple da Google su cire ta daga shagunansu a farkon 2018 saboda koke-koken cin zarafi. Aka yi Yolo, aka yi NGL. Idan kana da ƙani ko ƙanwa a sakandare ko jami'a, wataƙila ka taɓa ganin irin wannan a sitatus ɗinsu na WhatsApp: ga mahaɗi, ku faɗa mini abin da ke ranku, ba zan san ko wane ne ba.

Abin da ya sa wannan ya fi zafi shi ne, ba baƙi ne ke aiko saƙon ba. Wanda ya ga sitatus ɗinka, ai yana da lambarka. Ɗan ajinku ne, ko 'yar unguwarku, ko ɗan'uwa. Saƙo ɗaya mai cewa kowa a aji ya tsane ka, idan ba shi da suna, ya shafa wa aji duka baƙin fenti. Yaro zai shiga aji da safe yana duban fuskoki, ko wannan ce, ko wancan ne, har aminin da yake zama kusa da shi. Maƙiyin da ka sani za ka iya kauce masa, ko ka kai ƙararsa. Wanda ba ka sani ba, shi ne kowa.

A jihar Oregon ta Amurka akwai wani yaro ɗan shekara 16 da ya rasu a watan Yunin 2020. Mahaifiyarsa ta ba da shaida a gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka a 2023. Ta ce a daren da zai rasu ya dawo daga sabon aikin hutu da ya samu a wani shagon abinci, har ya rubuta ranakun aikinsa na gaba a kalandar da ke kicin. Babu wanda ya ga alamar komai. Sai daga baya suka gano cewa ya daɗe yana samun saƙonnin cin mutunci ta Yolo daga 'yan makarantarsu da suka ɓoye sunansu. Ta ce abu na ƙarshe da ya bincika a wayarsa shi ne hanyar da zai gano masu aiko masa saƙon. Iyalin suka kai ƙara kotu, kamfanin Snap ya dakatar da Yolo daga manhajarsa a 2021.

Masu irin waɗannan manhajoji sun san wannan ƙishirwa ta son sanin wane ne, kuma da ita suke kasuwanci. A watan Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta haramta wa NGL yin hulɗa da 'yan ƙasa da shekara 18, kamfanin kuma ya amince ya biya dala miliyan 5. Zargin hukumar shi ne, kamfanin da kansa yana aika wa yara saƙonnin da kwamfuta ta ƙirƙira kamar wani aboki ne ya aiko, sannan ya ce su biya kuɗi duk mako a ba su haske a kan mai aikowa. Ka ji fa. Yaro yana kwance ya kasa barci yana tunanin wa ya rubuta masa magana, alhali babu kowa, na'ura ce, kuma ana jiran ya ciro kuɗi.

Wani lokacin kuma idan aka yaye mayafin, wanda ke ciki sai ya ba ka tsoro. A jihar Missouri a 2006, wata yarinya 'yar shekara 13 ta ƙulla abota a MySpace da wani saurayi ɗan shekara 16. Ya yi makonni yana yabonta, rana ɗaya ya juya mata baya, ya ce duniya za ta fi daɗi ba ita, wasu yaran kuma suka taya shi. Yarinyar ta kashe kanta. Ashe babu wani saurayi. Shafin bogi ne da aka buɗe daga gidan maƙwabta, da hannun mahaifiyar wata tsohuwar ƙawarta, a layinsu ɗaya. Babbar mace ce, uwa.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, kuma ba abin alfahari ba ne. A watan Maris na 2022 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya samu saƙo a Instagram daga wata da ta ce budurwa ce. Aka yaudare shi ya tura hoton tsiraicinsa, nan take aka ce ya biya dala 1,000 ko a tura wa danginsa da abokansa. Ya tura dala 300 da yake da ita, ba a ƙyale shi ba. Cikin ƙasa da sa'a shida ya kashe kansa. Masu shafin wasu 'yan'uwa biyu ne daga Legas. An miƙa su ga Amurka a 2023, kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a watan Satumba na 2024. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu irin wannan sana'a. Makamin waɗannan mutane ba hoton ba ne. Makaminsu taro ne, tsoron abin da mutane za su yi idan suka gani. Da sun san cewa idan hoton ya fita babu mai turawa gaba, babu mai dariya, da sana'ar ta mutu. Mu 'yan kallo mu ne jarinsu.

To sai wani ya ce, ai magani a fili yake, a tilasta wa kowa ya yi amfani da sunansa na gaskiya. An gwada. Koriya ta Kudu ta kafa dokar tantance suna a manyan shafukanta a 2007. Bayan mutuwar fitacciyar 'yar fim Choi Jin-sil a 2008, wadda aka yi ta yaɗa jita-jita a kanta, aka faɗaɗa dokar ta shafi duk shafin da ke samun masu ziyara 100,000 a rana. Me ya biyo baya? Kamfanoni suka tara bayanan sirrin jama'a, a 2011 masu kutse suka sace na mutum kusan miliyan 35 daga shafukan Nate da Cyworld. A watan Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, ta ce ta tauye 'yancin magana, kuma ba a nuna cewa ta rage munanan kalamai yadda ake fata ba. A 2019 mawaƙiya Sulli, 'yar shekara 25, ta rasu bayan shekaru tana shan zagi. Bayan haka ne manyan shafukan ƙasar, Daum da Naver, suka ɗauki wata hanya: suka rufe wurin yin tsokaci a ƙarƙashin labaran 'yan fim da mawaƙa baki ɗaya.

Masu son ƙwallo za su tuna daren 11 ga Yuli, 2021, wasan ƙarshe na gasar Turai a Wembley, inda Italiya ta doke Ingila a bugun fenareti. Rashford da Sancho da Bukayo Saka suka ɓarar. Saka yana da shekara 19 a lokacin. Kafin gari ya waye an cika shafukansu da zagin launin fata. Da kamfanin Twitter ya bincika shafukan da ya rufe saboda wannan zagi, sai ya ce kashi 99 cikin 100 na masu su mutane ne da za a iya gano ko su waye. Wani bincike kuma da aka yi a Jami'ar Zurich a 2016, a kan tsokaci fiye da 500,000 a wani shafin koke-koke na Jamus, ya gano cewa masu amfani da sunansu na gaskiya sun fi masu ɓoye suna zafin baki a lokacin da ake yi wa wani taron dangi. Dalili kuwa, suna ganin aikin alheri suke yi, suna hukunta mai laifi, don haka ba abin ɓoyewa.

Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai, domin shi ne irin namu. Idan bidiyon wata yarinya ya fita, ko wani ɗan fim ya yi kuskure, je ka duba ƙasan labarin. Da yawa ba su ɓoye komai ba. Ga suna, ga hoto da babbar riga da hula, wani ma har da lambar waya. Allah ya ƙara. Maganinta ke nan. Ai ita ta ja wa kanta. Idan ta fito ta ba da haƙuri tana kuka, a ce neman suna ne. A ƙasa kaɗan kuma sai ka ga wani ya rubuta, don Allah wa yake da shi ya turo mini. Wanda ya la'ance ta da wanda ya nemi a turo masa, sau da yawa mutum ɗaya ne. Abin da ya ɓoye shi ba sunan bogi ba ne, yawan jama'a ne, da kuma jin cewa wa'azi yake yi.

Alhali addinin da ake fakewa da shi bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Suratul Hujurat ta hana izgili, da jifan juna da munanan laƙabi, da bin diddigin asirin mutane, da giba. Lokacin da aka yi wa Nana A'isha ƙazafi a Madina, tsawatarwar da ta sauka a Suratun Nur ba ta tsaya kan wanda ya ƙirƙiri maganar ba, ta haɗa da waɗanda suka karɓa suka yaɗa suna ganin abu ne mai sauƙi. Mai danna a tura gaba ya duba matsayinsa a wannan labari.

Kuma mu yi adalci, ɓoye suna yana da ranarsa. Matar da mijinta ke dukanta, ta rubuta wa wani shafi ta ce a sakaya sunana, ina neman shawara. Ma'aikacin da ya ga ana sata a ofishinsu. Saurayin da ke fama da shaye-shaye yana jin kunyar fuskantar kowa. Waɗannan duka mayafin ne ya ba su bakin magana. A Najeriya, ƙasar da aka sha kama 'yan jarida da masu suka ta hanyar sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, har sai da aka yi masa gyara a 2024, wanda ya ce a yaye wa kowa mayafi ya fara tambayar wa zai fara shan wuya.

Akwai gyara ɗaya da ya zama dole in yi, don kada a fahimci sharhin nan a karkace. Ba a kashe kai saboda dalili ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kusan kashi 73 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma shi ne na uku a cikin abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. A bayan kowane ɗaya akwai abubuwa da suka haɗu: ciwon damuwa, rikicin gida, talauci, shaye-shaye, kaɗaici. Zagin intanet yakan zo ne ya hau kan waɗannan. Binciken da Farfesa Ann John ta Jami'ar Swansea ta jagoranta a 2018, wanda ya haɗa bayanan matasa fiye da 150,000 daga ƙasashe 30, ya nuna cewa waɗanda ake ci wa zarafi a intanet sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen haɗarin cutar da kansu ko yunƙurin kashe kansu. Mafi yawan waɗanda aka zaga suna tsallakewa, su ci gaba da rayuwarsu. Amma kai mai rubutawa ba ka san wanda ka samu ba. Ba ka san ko jiya aka kore shi daga makaranta ba, ko mahaifiyarta tana kwance a asibiti.

A wurinmu kuma akwai ƙarin katanga. Yarinyar da aka yi wa barazana da hotonta, tsoron gida ya fi mata tsoron mai barazanar. Ta san abin da zai biyo baya: a ƙwace waya, a yi duka, a ce ta zubar da mutuncin gida, wataƙila a cire ta daga makaranta. Saurayin da ya ce ya gaji da rayuwa, amsar da yake samu ita ce, kai ba ka da tawakkali ne? Sannan ga doka. Sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na Criminal Code a Kudu, an rubuta su ne da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, su kuwa Ingila sun soke tasu tun 1961. Ghana ta soke tata a 2023. Wanda ke tsoron ɗan sanda ba zai je wurin likita ba.

To me ke hannunmu? Da farko kai ɗan kallo. Idan abu ya shigo guruf ɗinku, kada ka tura, kada ka nema, kada ka sa alamar dariya. Idan kana da ƙarfin hali, rubuta a fili cewa wannan bai dace ba. Taro yana kallon wanda ya fara magana, kuma mutum na biyu ya fi samun sauƙin tsawatarwa idan na farko ya riga ya yi. Idan ba za ka iya a fili ba, bi wanda ake zagi ta bayan fage ka ce na ga abin da ake yi maka, ba na tare da su. Yaron da ke zargin kowa, saƙo ɗaya mai suna yana cire masa mutum ɗaya daga jerin waɗanda yake zargi. Kai kuma admin, kai ne dattijon wurin. Goge abin, ka gargaɗi mai turowa, in ya maimaita ka cire shi.

Iyaye, ku faɗa wa 'ya'yanku tun kafin komai ya faru: duk abin da ya same ka a waya, ko da kai ne ka yi kuskure, zo ka faɗa mini, za mu fara magance matsalar kafin mu yi maganar laifi. Idan ana yi wa yaro barazana da hoto, kada a biya ko kwabo, domin biya ba ya rufe bakinsu. A adana saƙonnin, a toshe shafin, a kai rahoto ga manhajar da kuma 'yan sanda. Ku lura da canji: yaron da ya daina cin abinci, ya daina barci, ya ƙi zuwa makaranta, yake firgita idan waya ta yi ƙara, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafarar mutane ba dalili.

Idan ka ga irin wannan a wurin aboki ko ƙanwa, tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa: kana tunanin kashe kanka ne? Mutane suna tsoron cewa tambayar za ta sa masa tunanin. Masu bincike sun duba wannan sau da yawa, ba su ga haka ba, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce e, kada ka yi masa wa'azi a lokacin, kada ka yi alkawarin rufa asiri. Zauna da shi, ka nisanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka kira babba, a tafi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Inda babu, likitan asibiti mafi kusa ya isa a fara da shi. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma zuwa asibiti ba ya hana addu'a.

Kai kuma da kake saurarena, wayarka cike da zagi, kana jin duniya duka ta juya maka baya: ba duniya ba ce. Wasu mutane ne da ba su san ka ba, ko suka san ka amma suka kasa fuskantarka, kuma mafi yawansu nan da mako guda sun koma kan wani. Tsananin da kake ji yanzu yana sauka, mutane da yawa da suka kai inda ka kai sun wuce shi, suna nan da ransu. Ajiye wayar a daren nan. Nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi, uwa ce, yaya ne, malami ne, ko maƙwabciya, ka gaya masa duka, har da abin da kake jin kunyarsa. Idan na farko bai fahimce ka ba, je wurin na biyu.

Allah ya kare mana zuri'a, ya sa mu fi ƙarfin harsunanmu da yatsunmu.